Ɗaya, da Safe

Ni baduku ne, a Birni nake zaune,
ƙasan duwatsun nan da suka jingina da juna
kamar dattawan da zance ya ƙare musu.
Shekara goma sha ɗaya barci na sace ni da rana tsaka,
basilla a hannu, jar fata a cinya,
in farka da jini a babban yatsa
ban san sa'ad da na tafi ba.

Aka ce ragwanci ne. Aka ce iska.
Na sha shayin Laminu, na farko, mai ɗaci,
na yi gyangyaɗi da kofin a hannu.
Abin da ya fi ciwo, dariya ke kayar da ni:
a kawo labari mai daɗi a rumfa,
gwiwoyina su saki kamar igiyar guga ta tsinke.
Sai na koyi ɗaure fuska.
Ɗiyata Cima ta tashi tana tsammani
babanta ba ya son wasa.

A babbar likita, Dokta Zuwaira ta saurare ni
har na ji kunyar tsawon zancena.
Ta ɗaura mini awo a damtse,
ta saurari ƙirjina,
ta tambayi ajalin kakana, ko zuciya ce.
Sannan ta rubuta takarda, ta ce:
"Ciwo ne, yana da suna.
Wannan ƙwaya aron farkawa ce, ba warkewa ba.
Ɗaya, da safe, bayan ka karya.
In ka manta har rana ta karkata, bar ta ta wuce,
kada gobe ka biya bashi da biyu.
Faɗuwar dariya kuwa, hanyarta daban,
za mu zo kanta."

Satin farko bakina ya bushe kamar fatar da ba a jeme ba.
Barira ta ajiye tuwo, na dube shi kamar baƙo.
Wani yammaci na ɗora shayi uku a kanta,
zuciyata ta kwana tana kalangu.
Asuba na koma, ban jira ranar da aka sa ba.
Ta sake awo, ta rage, ta ce in sallami buta.
Ni da Laminu yanzu ruwa muke sha, yana yi mini tsiya.

Bayan azahar nakan kwanta kaɗan, da izini.
Barcin da na gayyata
ba ya yi mini sata.

Ƙwayoyin suna cikin akwatin ƙarfe, da kwaɗo,
sama da inda hannun Cima ke kaiwa.
Nakan ƙidaya su kamar canjin mai ciniki.

Jiya Mutari ya tsayar da kabu-kabunsa a ƙofata,
ido jajir, kwana biyu yana neman kuɗin haya.
"Ɗaya tak, yaya. In kai safe."
Na dubi takalmin da nake ɗinki.
Na ce, wannan ƙafar Malam Haru na auna,
in ka sa shi, kafin Kasuwar Dole ka yi kanta.
Ni an auna zuciyata. Taka wa ya auna?
Ya ce masu faranti na sayar da irinta a tasha.
Na ce, wadda rana ta gasa, ba suna, ba takarda?
Ya tafi da fushi. Na aika masa fura.
Ban sani ba ko ya sha.

Azumi saura wata biyu,
na riga na rubuta tambayata a bayan kwali
don in kai wa Dokta tun da wuri.

Da daren nan Cima ta kwaikwayi tafiyar akuyarmu.
Na ce, tsaya in zauna tukuna.
Na jingina da bango, na miƙe ƙafafu,
na ce, to, sake.